Yawon wasan barkwanci: jiya fili ya cika, yau kujeru muka yi wa wasa

Sabon shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabata a wannan sana'a, musamman waɗanda suka taɓa saɓa jaka suka bi gari gari suna wasa a kan kuɗin ƙofa. Ni malami ne a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kano, kuma shekara uku ke nan ina sakin gajerun bidiyo na barkwanci a TikTok da Facebook, har mabiyana suka haura 200,000. Da Babbar Sallar 2025 ta matso, sai ni da abokan wasana biyu da yaron da ke kula mana da lasifika muka yanke shawarar mu fita mu tsaya a gaban mutane ido da ido. Muka tsara garuruwa biyar: Haɗeja, Gumel, Kazaure, Daura da Katsina, muka tara ɗan abin da muke da shi, na ƙara da bashin da na ci a wurin yayata.

An yi Sallah ranar Juma'a, 6 ga Yuni. Ranar Asabar a Haɗeja mun yi hayar kujera 400, mun sa tikiti naira 1,000, kuma kafin a idar da sallar isha'i babu masaka tsinke, har wasu suka yarda su biya su tsaya a baya. A daren nan ban yi barci ba, ina ta lissafin ranar da zan rubuta takardar barin aiki. Washegari Lahadi a Gumel, da fosta iri ɗaya da tikiti iri ɗaya da shela a mota tun hantsi, mutum 61 ne suka shigo, kuma na ƙirga su da kaina domin ba su da wahalar ƙirgawa. Ranar Talata a Kazaure jama'a sun zo daidai gwargwado, amma ba mu yi rabin sa'a ba hadari ya taso da iska, ruwa ya sauka, mutane suka yi cincirindo a ƙofa suna neman a mayar musu da kuɗinsu, muka mayar. Ranar Alhamis a Daura idona ya nuna mini fili ya cika, amma da aka zazzage jakar masu ƙofa, kuɗin bai kai na mutum 200 ba. Katsina kuwa ba mu je ba, domin a tashar Daura na sayar da ɗaya daga cikin wayoyina kafin muka sami kuɗin motar komawa gida.

Abin da nake so in sani shi ne, shin akwai wata hanya da ake gane garin da zai cika da wanda ba zai cika ba tun kafin a kashe kuɗi, ko kuwa duk wanda ya shiga wannan sana'a cinikin biri a sama yake yi? Kuma mabiyan nan da nake gani a waya, ina suke shiga idan aka ce su fito da naira 1,000? Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi damuna: ina da iyali, albashina bai taka kara ya karya ba, shin in ci gaba da riƙe allo da alli ko in rungumi wasa gaba ɗaya?

Tsohon hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin in ce komai, ka koma ka duba abin da aka yi a duniya ranar Lahadi 8 ga Yuni, 2025, da ƙarfe takwas na dare agogonmu. A daren ne Fotugal da Sifaniya suka buga wasan ƙarshe na gasar Nations League ta ƙasashen Turai a Munich, Ronaldo a ɓangare guda, Lamine Yamal a ɗaya ɓangaren, aka tashi biyu da biyu, aka je ƙarin lokaci, sannan aka yi bugun fenareti. Samarin Gumel da ka yi zaton sun ƙi ka suna nan a gidajen kallon ƙwallo, sun biya abin da bai kai kwatan tikitinka ba, kuma ba su fito ba sai da kai ka riga ka naɗe wayoyin lasifikarka. Da ka tambayi kowane yaro a bakin tasha kwana uku kafin ranar, da ya gaya maka. Wannan ba rashin sa'a ba ne, rashin tambaya ne, kuma ba na faɗa don in ci maka fuska ba, domin ni ma sai da irin wannan ta same ni fiye da sau ɗaya kafin na koyi duba jadawalin ƙwallo kamar yadda manomi ke duba gabas.

Na yi sama da shekara ashirin ina bin ayarin 'yan wasa, tun lokacin da gidajen silima irin su Plaza da Marhaba da Orion da Eldorado suke da rai a Kano, kuma kusan kowane babban gari yana da nasa, mai katanga da ƙofa ɗaya da benci. Abin da na koya a tsawon wannan lokaci shi ne, mutanenmu ba sa ware kuɗin dariya a gefe su ajiye. Abin da ya yi saura a aljihu ranar da ka zo, shi za a ba ka. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka san ranar da aljihun kowane gari yake da nauyi.

Ka lura da wani abu da yaran yanzu ba su cika kula da shi ba. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka Sallah tana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara. Daga 2010 zuwa 2013 Babbar Sallah tana faɗowa ne a watan Nuwamba da Oktoba, wato tsakiyar kaka, lokacin da aka yanke gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, an fara kai riɗi kasuwa, sama kuma ta bushe. A waɗannan shekaru ko a ƙauye ka kafa lasifika sai ka ga mutane, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna da arziki a yawon Sallah a lokacin ne suka yi. A 2025 kuwa Babbar Sallah ta dawo watan Yuni, ta doshi Mayu. Magidanci ya sayi rago ko ya shiga watanda, ya ɗinka wa yara kaya, ga taki da iri da kuɗin huɗa suna jiransa, rumbu kuma ya kusa ganin ƙasa. Asabar ɗin da ka cika fili a Haɗeja, kuɗin barka da Sallah ne ka ci, kuma irin wannan kuɗi kwana biyu ko uku yake yi a hannun yara ya ƙare. Ranar Talata da Alhamis ka riga ka fita daga Sallah ka shiga damina, ruwan Kazaure kuma bai yi maka komai ba face tuna maka da watan da kake ciki.

Mu a zamaninmu muna ɗaura tafiya ne a kan ranakun kasuwa. Wudil tana ci ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Potiskum ranar Laraba, Ɗambatta da Mai'aduwa ranar Lahadi, kuma daren kasuwa shi ne daren da baƙi suka kwana a gari da kuɗin ciniki a lalita. A garuruwan ma'aikata kuwa, irin su Dutse da Damaturu da Gusau, sai mu jira mu ji an yi albashi, ba mu dogara da cewa wata ya ƙare ba. Kai da ka je Gumel, da ka jinkirta ka haɗa ta da Alhamis ɗin Maigatari da ke kusa da ita, da wataƙila labarin ya canza.

Game da rayuwar hanya, babu abin da zan ɓoye maka. Na kwana a kan bencin silima bayan an watse, na kwana a cikin mota a bakin shingen sojoji saboda an rufe hanya, na yi wasa da zazzaɓi a jikina saboda an riga an sayar da tikiti, kuma na taɓa tsayawa ina ba mutane dariya a daren da aka aiko mini cewa mahaifiyata tana asibiti. Ƙurar hunturu tana cinye murya, ruwan kowane gari da irin cikin da yake so, kuma mai barkwanci ba shi da izinin ɓata rai ko a wurin mai shayi, domin duk wanda ya gane ka so yake ka yi masa wasa kyauta nan take.

Batun aikinka kuwa, kada ka saki reshe ka kama ganye. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi kimanin shekara takwas yana aikin gandiroba, kuma ba ranar da ya fara ba mutane dariya ya tuɓe kaki ba. Hutun makaranta ma ya ishe ka gwaji: hutun Disamba yana faɗowa ne lokacin da amfanin gona yake kasuwa kuma babu ruwa.

Mai shirya wasa ya amsa:

Baba ya yi magana, kuma ba ni da ja a kan batun lokaci. Sai dai, Baba, da izininka, ina ganin ko da yaron nan ya dace da kowace ranar kasuwa a ƙasar Hausa, da irin yarjejeniyar da ya fita da ita sai ya dawo da bashi. Ni aikina ke nan shekara da shekaru, in ɗauko 'yan wasa da mawaƙa in kai su garuruwa, kuma abin da ya faru a Daura ya fi ba ni tsoro fiye da abin da ya faru a Gumel.

Ƙanena, fili yana cika ta hanyoyi da yawa, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take kawo kuɗi. Akwai 'yan alfarma, wato iyalan mai wurin da abokansa, da yaran jami'an tsaron da ka ɗauko, da 'yan bangar unguwa da kowannensu yake da ƙane. Akwai masu haurowa ta katanga. Akwai kuma mai ƙofa da zai karɓi tikiti bai yaga ba, ya miƙa wa abokinsa a waje a sake sayarwa, ko ya karɓi naira 500 a hannu ya ɗaga igiya. Ba na cewa mutanen wani gari sun fi na wani gari wannan hali, domin na gani a ko'ina, har a Kano. Maganinsa shi ne tikiti mai lamba da hatimi, wanda kai ka buga shi ka zo da shi, mai sayarwa daban, mai yagawa daban, kuma ɗaya daga cikinsu ya zama mutuminka na jini wanda ba ya sha'awar kallon wasan. 'Yan alfarma kuma a yanka musu adadi tun da rana, a ba su kati mai launi daban, in ya ƙare ya ƙare.

Amma babban kuskurenku shi ne kun haɗa aiki biyu a kanku. Kun zama 'yan wasa, kun kuma zama masu zuba jari. A tsarin da aka saba, mai shiryawa a garin shi ne yake ɗaukar hayar wuri da kujeru da janareta da talla a rediyo da takardar izini, shi ne kuma yake cin riba ko ya faɗi. Ɗan wasa yana karɓar kuɗin da aka yi ciniki, rabi a matsayin kafin alƙalami tun yana gida, sauran rabin kuma kafin ya hau dandamali, ba bayan ya sauko ba. Wanda bai kai wannan matsayi ba yana iya yarda da raba kuɗin ƙofa, amma ya tsaya a kan cewa kuɗin mota da masauki da abinci suna wuyan mai shiryawa ko mutum goma ne suka zo. Idan babu ko mutum ɗaya a gari da ya yarda ya sa kuɗinsa a kan sunanka, to garin ya riga ya amsa maka tambayarka ta farko, kuma ya amsa ta kyauta.

Ka tambayi inda mabiyanka suke shiga. Ka buɗe shafin ƙididdiga na manhajar ka duba garuruwan da suke, za ka tarar da yawa suna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, wasu suna Yamai da Agadas, wasu ma suna Jidda da Tarabulus. A cikin waɗanda suke garin da ka je, ka cire matan aure da ba za su fita da dare ba, ka cire 'yan matan da iyayensu ba za su bar su zuwa wurin gala ba, ka cire yaran da da wayar yayansu suke kallonka. Abin da ya rage shi ne kasuwarka, kuma su ma sun saba samunka a kyauta suna kwance a kan katifa.

Wasu za su ce maka ka sayar da tikiti tun kafin ranar ta intanet, kamar yadda ake yi a Legas. Na gwada, kuma abin da na gani shi ne mutanenmu ba sa sakin kuɗi sai sun ga fuskar ɗan wasa ta shigo gari, kuma suna da hujja, domin an sha manna hoton manyan taurari a fosta a karɓi kuɗi, sannan a kawo wasu daban. Shi ya sa zagayen da ake yi da ɗan wasa a buɗaɗɗiyar mota da la'asar ya fi tallar mako guda a rediyo tasiri. Su ma manyan wasannin Legas, irin wanda ɗan barkwancin nan AY yake yi a otal ɗin Eko ranar Ista, ba tikitin talaka ne yake riƙe su ba. Tebura ne da ake sayar wa masu hali da kamfanoni, da kuma masu ɗaukar nauyi da suke son a ga sunansu. Namu kwatankwacin wannan shi ne kujerun gaba na manyan baƙi da liƙin da suke yi, kuma akwai daren da liƙin mutum uku ya fi kuɗin ƙofa gaba ɗaya. Sai dai wannan ma yana da farashi, domin wanda ya yi maka liƙi yau yana sa ran ba zai ji sunan jam'iyyarsa a bakinka gobe ba.

Ka kuma sani cewa lissafin da Baba ya yi aiki da shi ya rushe a 2023. A farkon shekarar, saboda canjin kuɗi, takardun naira suka ɓace daga hannun jama'a daga Janairu har zuwa Maris, sana'ar da take rayuwa a kan kuɗin hannu a bakin ƙofa ta tsaya cik, domin taransifa tana maƙalewa ga layi ya yi tsawo. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota da na janareta da na hayar kujeru duk suka bi ta, amma tikiti bai iya binsu ba, saboda wanda zai saya shi ma man ya cinye shi. A Kano kuma, tun da aka sa dokar hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare a watan Yulin 2022, dole wasa ya tashi da wuri, in ba haka ba mutane su ƙi zuwa don ba su san yadda za su koma gida ba. A yau, kafin in amsa kowane wasa, sai na raba jimillar kuɗin da zan kashe da farashin tikiti, in ga mutum nawa nake bukata kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan adadin ya wuce rabin kujerun wurin, ba na shiga.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaishe da Baba, ina gaishe da Alhaji mai shirya wasa. Na ga ba a taɓo ɓangarenmu ba, alhali kusan duk ɗan wasan da ya yi suna a Kano, tafiyarsa ta biyu ko ta uku Nijar ce, kuma na tabbata wani zai zo ya ce wa wannan bawan Allah ya tsallako domin sefa tana da daraja. Gaskiya ne tun da naira ta faɗi a 2023, jaka ɗaya ta sefa in an canza ta tana yin nauyi a kasuwar canjin kuɗi ta Wapa a Kano. Amma ka fara da sanin cewa jaka a wurinmu sefa 1,000 ce, ba naira 200 ba kamar yadda dattawanku suke ƙirgawa, dala kuma sefa biyar ce. Na ga ciniki ya lalace a kan wannan kalma ɗaya, kowa yana rantsuwa cewa shi ne mai gaskiya, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa. A rubuta adadi da lamba, a rubuta sunan kuɗin.

Hanyoyin sanannu ne: daga Katsina ta Jibiya zuwa Maraɗi, daga Daura ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram, daga Sakkwato ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. Wuraren wasa ma akwai su, domin kusan kowane babban gari yana da gidan matasa da al'adu da kuma filin kokawa, a Yamai kuma akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Abin da ba shi da tabbas shi ne iyakar kanta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe ta, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, kuma duk wanda ya karɓi kafin alƙalami don wasa a cikin waɗannan watanni ya san yadda aka ƙare. Ko iyaka tana buɗe, ka zo da cikakkun takardunka da na motarka da na kayan sautinka, ka kuma ƙara rabin yini a kan lokacin da kake zato, saboda jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastam, ba su san an sa maka ƙarfe tara a fosta ba.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wanda a ganina yana da hannu a cikar fili a dare na biyu. Ba kowace dariya ce take jure tafiya ba. Wasan da aka gina a kan cunkoson Kantin Kwari ko halin 'yan A Daidaita Sahu yana kashe mutane da dariya a Fagge, amma a Tasawa sai a zuba maka ido. Abin da yake tsallaka iyaka ba tare da fasfo ba shi ne wasan da kakanninmu suka bari tsakanin ƙabilu da garuruwa, irin na Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zazzagawa. A Nijar wannan al'ada tana da girma har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma sai ka san wanda yake abokin wasan wane, kuma ka san kai wane ne a cikinsu, domin tsokanar da Babarbare zai yi wa Bafulatani a tafa masa, in wani ya yi ta zagi ce. Ka isa gari da wuri, ka zauna a majalisa da wurin mai shayi, ka ji abin da ake yi wa dariya a makon, ka saka shi a cikin minti biyar na farko. Garin da ya ji ka san shi zai aika a kira waɗanda suka tsaya a waje suna shawara.

Uwargidan ɗan wasa ta amsa:

Ni ba 'yar wasa ba ce, amma shekara goma sha ɗaya nake auren ɗan wasa, don haka ina ganin ina da abin cewa a kan tambaya ta uku. Ƙanena, duk lissafin da Baba da Alhaji suka yi maka na waje ne, akwai kuma na cikin gida wanda matarka ce za ta yi shi ita kaɗai. Sallah tara a jere maigidana bai ci tuwon Sallah tare da mu ba, saboda ranar da kowa yake gida ita ce ranar kasuwarsa. Yakan dawo wani lokaci da kuɗin da za mu yi wata uku muna ci, wani lokaci kuma ya dawo da muryar da ta dushe da kayan wanki kawai, kuma maƙwabta da dangi ba su san bambancin ba, domin sun ga hoton fili a cike a waya, washegari za su yi sallama da bukatunsu. A shekarar korona, 2020, da aka hana taro da tafiya tsakanin jihohi, ɗinkin da nake yi ne ya riƙe gidan.

Abin da ya daidaita mana zama shi ne ƙa'ida ɗaya da muka yi bayan wata tafiya da ta ƙare da sayar da 'yan kunnena. Ba ya fita sai ya ajiye abincin wata guda da kuɗin makarantar yara, kuma kuɗin tafiya ba ya fitowa daga wannan ajiya ko da wane ne ya kira shi. Duk daren da aka samu, kashi ɗaya cikin uku yana turo mini kafin ya kwanta, tun kafin abokan tafiya da 'yan maula su san nawa aka samu. Ka fara biyan yayarka bashinta, sannan ka zauna da matarka ka gaya mata ainihin abin da ya shigo da abin da ya fita a garuruwa huɗun nan, ba abin da ka saka a Facebook ba.

Sabon shiga ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Alhaji, na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri, haka ma ɗan'uwana na Damagaram. Na duba shafin ƙididdigar kamar yadda aka ce, kuma Gumel ba ta ma fito a jerin garuruwan ba. Na fasa rubuta takardar barin aiki. Yanzu akwai wani a Haɗeja da ya ga wasanmu na ranar Asabar, ya kira ni yana so mu koma a hutun Disamba, ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, amma ba zai ba da kafin alƙalami ba, sai dai a raba kuɗin ƙofa biyu bayan ya cire abin da ya kashe. Alhaji, wannan tayin karɓaɓɓe ne?

Mai shirya wasa ya sake amsawa:

Rabin tayin yana da kyau, rabinsa kuma rami ne, ramin kuwa yana cikin kalmomin nan na "bayan ya cire abin da ya kashe". Idan ba a rubuta abin da zai kashe tun yanzu ba, a daren wasan za ka ji hayar kujera ta ninka, an sayi man janareta na kwana uku, an kuma ba wasu mutane da ba ka gani ba kuɗin goro. Ka ce masa ya rubuto maka kowane abu da farashinsa, ku amince a kan jimilla ɗaya, ku sa hannu a gaban shaidu biyu, duk abin da ya ƙaru a kan wannan nasa ne. In ya ƙi, ka nemi kashi 30 cikin 100 na duk abin da ya shigo ta ƙofa ba tare da an cire komai ba, wanda sau da yawa ya fi rabin da ake faɗa da baki. Kuɗin motarku na zuwa da dawowa ya turo shi kafin ku bar Kano, liƙi kuma naku ne ku kaɗai, a faɗe shi a fili tun yanzu. Ka tafi da tikitinka mai lamba da mutuminka na ƙofa. Ranar kuma kada ka bar shi ya zaɓa shi kaɗai: ka duba jadawalin ƙwallon Ingila na wannan mako, ka tambaya ko akwai babban biki ko wa'azi a garin, sannan ka sa wasan ya fara da an idar da isha'i, domin sanyin Disamba a bakin kogin Haɗeja yana korar mutane tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya.